Haƙoran Giyar Kusurwa: Lissafin da Ke Juya Ƙafar Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin babbar mota ko a-kori-kura zai ga wata doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga wajen inji ta nufi baya, wadda kanikawa ke kira farfela. Zai kuma ga inda ta ƙare, wato cikin wani ƙullutun ƙarfe mai kama da tulu da ke tsakiyar aksul na baya. Farfela tana kwance ne bisa tsawon mota, aksul kuwa ya gitta ta. To, ta yaya juyin sandar da ta miƙe gaba da baya zai koma juyin sandar da ta miƙe dama da hagu? Amsar tana cikin wannan tulu. A cikinsa akwai giyoyi biyu, babba da ƙarama, waɗanda haƙoransu suka ciji juna a kusurwa mai digiri 90. Injiniyoyi suna kiran irin wannan giya bebul. A wannan maƙala za a kira ta giyar kusurwa, tun da aikinta shi ne karkatar da juyi daga wata fuska zuwa wata.

Ba mota kaɗai ke da ita ba. Tana cikin injin yankan ƙarfe na masu walda, da abin huda katako na hannu da kafintoci ke murzawa, da injin kwalekwale, har da jirgi mai saukar ungulu. Haƙorinta a babbar mota bai fi ɗan yatsa girma ba, amma a kowane lokaci haƙora biyu ko uku ne kacal ke ɗauke da dukkan ƙarfin da ke tura motar da kayanta a hawan tudu. Idan zamansu ya kauce da kaurin silin gashi biyu ko uku, sai aksul ya soma kuka, daga kuka sai zafi, daga zafi sai karaya, mota ta kwana a daji kayan gwari suna ruɓewa a bayanta. Abin da za a nuna a nan shi ne, siffar wannan haƙori da duk ƙa'idojin kula da shi sun samo asali ne daga magana guda ta lissafin siffofi: mazurari biyu masu tsini ɗaya.

Daga turakun itace zuwa haƙorin ƙarfe

Manoman fadama a ƙasar Hausa sun san jigo. A bakin kogin Nilu kuwa, a Masar tun fiye da shekara 2,000, daga baya kuma a Sudan, manoma sun yi amfani da wata na'urar ban ruwa da Larabawa ke kira saƙiya, kafin injin ban ruwa ya maye gurbinta a yawancin wurare. Sa ko raƙumi ne ke zagayawa yana juya wani faifan itace da ke kwance. A bakin faifan an kafa turaku waɗanda ke shiga tsakanin turakun wani faifai da ke tsaye, shi kuma na tsayen yana juya igiya mai jerin tuluna, su nutse wayam su fito cike da ruwa. Wannan ita ce kakar giyar kusurwa. Masanin nan Al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya zana irin waɗannan faya-fayai a littafinsa na na'urori da ya kammala a 1206.

Sai dai turaku suna da aibi. Yayin da turke ya kama ɗan'uwansa, juyin faifai na biyu yakan ɗan yi sauri, sa'an nan ya ɗan yi sanyi kafin turke na gaba ya karɓa. A tafiyar sa wannan fizga ba ta da illa. Amma a ɗauki mota wadda farfelarta ke juyi 3,000 a minti ɗaya, ƙaramar giyarta kuma tana da haƙori 9. Haƙora za su haɗu sau 27,000 ke nan a minti, wato sau 450 a kowane sakan. Fizgar da ba a kula da ita a saƙiya, a nan ta zama bugun guduma sau 450 a sakan, kuma babu ƙarfen da zai daɗe yana jure wannan.

Dalilin lanƙwasar gefen haƙori

Saboda haka sharaɗin farko da aka gindaya wa haƙorin giya shi ne: idan giyar da ke turawa tana juyi babu sauyi, to wadda ake turawa ma ta juya babu sauyi, tun daga lokacin da haƙora biyu suka haɗu har su rabu. Miƙaƙƙen gefe ba ya cika wannan sharaɗi, dole gefen haƙori ya zama da lanƙwasa ta musamman. A tsakiyar ƙarni na 18 masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya yi nazarin lanƙwasar da yawancin giyoyin duniya ke amfani da ita a yau, wadda ake kira imbolut.

Gane ta ba wuya. A ce an naɗe igiya a jikin rumbu, an ɗaure akuya a bakinta. Idan akuyar ta ja igiyar ta miƙe tsam, ta yi ta zagaya rumbun igiyar tana warwarewa, to sawunta zai zana wata lanƙwasa da ke ƙara nisa da rumbun a hankali. Wannan sawu shi ne imbolut, kuma ɗan guntun farkonsa shi ne gefen haƙorin giya. Ɗalibi zai iya zana shi da gwangwanin madara da zare da fensir. Idan haƙora biyu masu wannan siffa suka haɗu, turin da ke tsakaninsu yana bin miƙaƙƙen layi guda ne kullum, tamkar dai zare ne ke warwarewa daga wani gwangwani yana naɗuwa a wani. Tun da layin turi bai sauya ba, saurin juyi ma ba zai sauya ba.

Wannan layi ba ya bin hanyar juyi sak, yana da ɗan karkata, kuma a yawancin giyoyin yau karkatar digiri 20 ce. Sakamakon haka, ban da ƙarfin da ke juya giya, akwai wani ƙarfi da ya ɗara sulusinsa kaɗan wanda ke ƙoƙarin raba giyoyin biyu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a dawo gare shi.

Gwangwani da mazurari

Idan sanduna biyu suna kwance kafaɗa da kafaɗa, kamar na cikin giyabos, ana iya ɗaukar giyoyinsu a matsayin gwangwanaye biyu masu mirginawa a jikin juna, waɗanda aka yi wa haƙora don kada su zame. Haƙorin irin wannan giya kaurinsa ɗaya ne daga wannan baki zuwa wancan. Amma idan sandunan sun nufi juna har za su haɗu a kusurwa, gwangwani ba zai yi ba. Dalili kuwa shi ne, babbar giya tana kwance kamar faifai, kuma a juyi guda bakin faifai ya fi tsakiyarsa yin tafiya mai nisa. Gwangwanin da aka kwantar a kan faifan, gefensa na waje zai so sauri, na ciki ya so sanyi, alhali jiki ɗaya ne. Dole wani wuri ya goga.

Siffar da ta warware wannan matsala ita ce ta mazurari, ko kuma jinkar ɗaki: faɗi a gindi, tsini a sama. A kwantar da bokiti a ƙasa a tura shi, za a ga bai tafi sak ba, sai ya yi ta kewaya wani wuri guda. Da za a ci gaba da tsuke gindin bokitin har ya yi tsini, to daidai wannan wurin tsinin zai faɗa. Bakin bokiti mai faɗi yana cin doguwar hanya, gindinsa yana cin gajeruwa, kuma babu inda ya goga. Haka nan mazurari biyu za su mirgina a jikin juna babu zamewa ko kaɗan, amma bisa sharaɗi guda: tsininsu ya haɗu a ɗigo ɗaya, wato inda layukan sandunan biyu suka gamu.

Daga wannan sharaɗi siffar haƙorin ta fito. Kowane layi na miƙaƙƙen haƙorin giyar kusurwa, na samansa da na gefensa da na gindinsa, idan aka ja shi zai nufi wajen wannan tsini. Shi ya sa haƙorin yake da kauri da tsawo a bakin waje, ya yi ta tsukewa zuwa ciki. Injiniyoyi sun kamanta shi da tafin ƙafa: babban gefen suna ce masa dunduniya, ƙaramin kuwa yatsa.

Lissafin da ɗalibin sakandare zai iya yi

A ɗauki giyoyi biyu, ƙarama mai haƙori 20, babba mai haƙori 40, sandunansu a kan digiri 90. Ƙaramar za ta yi juyi biyu kafin babbar ta yi ɗaya. Buɗewar kowane mazurari, wato kusurwar da ke tsakanin sandarsa da gefensa, ana samun ta ne daga yawan haƙora. A raba 20 da 40, a sami 0.5, a duba jadawalin tan: kusurwar ƙaramar giya digiri 26.6 ce. Ta babbar kuwa ragowar 90 ce, wato digiri 63.4. Da haƙoran biyu daidai suke, da kowace ta sami digiri 45.

Girman haƙori kuma ana auna shi da ma'aunin da ake kira mojul, wato faɗin giya a milimita a raba shi da yawan haƙoranta, kuma a wajen dunduniya ake aunawa. Idan mojul 4 ne, faɗin ƙaramar giya milimita 80 ne, na babbar 160. Rabin kowane, wato 40 da 80, su ne ɓangarori biyu na alwatika mai kusurwar digiri 90, kuma dogon ɓangarenta shi ne nisan da ke tsakanin dunduniya da tsinin mazurari. Da ƙa'idar Faitagoras: 1,600 a tara da 6,400 ya ba da 8,000, tushensa kuwa milimita 89.4 ne.

Ba a yanka haƙori har ya kai tsini. Al'adar injiniyoyi ita ce kada tsawonsa ya wuce sulusin wannan nisa, wato a nan kimanin milimita 30. A wannan iyaka girman yatsa kashi biyu cikin uku ne na dunduniya: tazarar haƙori zuwa haƙori milimita 12.6 ce a waje, amma 8.4 a ciki. Wanda ya ƙara tsawon haƙori da tunanin ƙara masa ƙarfi, siririn yatsa kawai ya ƙara, kuma ranar da nauyi ya koma kan wannan yatsa, shi ne zai fara ɓallewa.

Ɓawon lemo da dabarar Tredgold

Saura magana guda: yaya za a zana imbolut a jikin mazurari? A giyar gwangwani ana zana haƙori a shimfiɗaɗɗiyar takarda. A giyar kusurwa kuwa, kowane ɗigo na haƙori yana juyi ne ba tare da nisansa daga tsini ya sauya ba, wato yana yawo ne a bayan ƙwallo wadda tsinin yake tsakiyarta. Siffar haƙorin ta gaskiya a bayan ƙwallo take. Shi kuwa bayan ƙwallo ba ya shimfiɗuwa, kamar yadda ɓawon lemo ba ya kwanciya a faranti sai ya tsage.

Dabarar da ake koyarwa har yau tana ɗauke da sunan wani injiniya ɗan Ingila, Thomas Tredgold, wanda ya rasu a 1829. Tun da haƙori ɗan siririn yanki ne kawai na bayan ƙwallon, ana iya musanya yankin da wani mazurari na biyu da ke bayan giyar, wanda gefensa ya tsaya a kan digiri 90 da gefen na farko. Mazurari kuwa, saɓanin ƙwallo, ana iya tsaga shi a shimfiɗa kamar takarda. Da an shimfiɗa shi sai ya zama yankin wata giyar gwangwani da ta fi ta ainihi girma, a zana haƙori a kanta yadda aka saba.

Yawan haƙoran wannan giya ta zuci ana samun sa ne idan aka raba haƙoran ainihi da kos na kusurwar mazurari. A misalin da ya gabata, ƙaramar giya mai haƙori 20 haƙoranta suna da siffar na giya mai 22, babbar mai 40 kuwa nata kamar na giya mai 89 suke. Wannan lissafi yana da amfani, domin a karkatar digiri 20, giyar da haƙoranta suka gaza 17 gindin haƙorinta yakan rame wajen yanka, ya yi wuya kamar na gora. Ƙaramar giyar aksul kuwa sau da yawa haƙoranta ba su wuce 9 zuwa 12 ba. Maganin da aka samo shi ne a ƙara wa haƙoran ƙaramar tsawo ta sama, a rage na babbar, don gindinsu ya yi kauri.

Idan mazurari ya ci gaba da buɗewa har ya kai digiri 90, ya zama shimfiɗaɗɗen faifai, gefen haƙorinsa ana iya yin sa miƙaƙƙe. A kan wannan aka gina injinan yanka giya. William Gleason, ɗan ƙasar Ailan da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya ƙera injin fere haƙoran giyar kusurwa a garin Rochester a 1874. Shekara goma bayan haka Hugo Bilgram na Filadelfiya ya fito da injin da wuƙarsa mai miƙaƙƙen baki ke kwaikwayon haƙorin wancan shimfiɗaɗɗen faifai, ƙarfen da ake yankawa yana mirginawa a jikinta, lanƙwasar tana fitowa da kanta.

Miƙaƙƙe, murɗaɗɗe da haifoyid

Miƙaƙƙen haƙori yana haɗuwa da abokinsa ne gaba ɗaya, daga dunduniya har yatsa, a lokaci guda. A ƙaramin gudu babu laifi, amma a babban gudu yana da ƙara. Har yau shi ne ke cikin ƙananan giyoyin da ke tsakiyar tulun aksul, waɗanda ke bai wa tayar waje damar fin ta ciki juyi a kwana. Bukatar hakan a fili take: idan tazarar tayoyin baya mita 1.5 ce, a kwana mai digiri 90 tayar waje tana fin ta ciki tafiya da kusan mita 2.4. Ƙananan motocin yau da yawa, masu ja da ƙafar gaba, ba su da farfela, amma waɗannan ƙananan giyoyi suna nan a cikinsu.

Don maganin ƙara aka fito da murɗaɗɗen haƙori, wanda aka lanƙwasa bisa tsawonsa kamar lauje, galibi da karkatar digiri 35 a tsakiyarsa. Shi haɗuwarsa daga gefe guda take somawa ta ratsa zuwa ɗaya gefen, kuma kafin wannan haƙori ya saki, na gaba ya riga ya kama. Kamfanin motoci na Packard a Amurka ya sa shi a aksul a 1913. Dole murɗin giya ɗaya ya zama na dama, na abokiyarta na hagu.

A shekarun 1920 injiniyoyin kamfanin Gleason, cikinsu har da Ernest Wildhaber, suka ƙara taku guda. Suka sauke sandar ƙaramar giya ƙasa da tsakiyar babbar, ta yadda layukan sandunan ba sa haɗuwa ko kaɗan. Wannan ita ce giyar haifoyid, wadda Packard ya soma sa wa motocinsa a 1926. A nan siffar da ake ginawa a kanta ba mazurari ba ce sak, gefenta yana da ɗan lotsawa kamar ƙugun kalangu. Ribar ita ce farfela ta yi ƙasa, don haka jikin mota ma ya yi ƙasa, ƙaramar giya ta ƙara girma da ƙarfi, ƙara kuma ta ragu. Irin ta ce a aksul ɗin Peugeot 504, motar da a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da galibin motoci masu ja da ƙafar baya.

Amma an bar sharaɗin tsini ɗaya, kuma barinsa yana da farashi: haƙoran haifoyid suna goga juna bisa tsawonsu a ƙarƙashin matsi mai tsanani. Man inji ba ya iya zama tsakaninsu, matsin yakan kore shi ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ya sa aksul yake da nasa mai na musamman, mai lambar GL-5, wanda aka zuba wa sinadaran farar wuta da fosfaras. Idan zafi ya tashi sai su yi wa fuskar haƙori wata siririyar riga da ke hana ƙarfe biyu mannewa. Warin man aksul daga farar wutar nan yake.

Abin da lissafin ke nufi a gareji

Haƙorin giya da haƙorin ɗan Adam gininsu iri ɗaya ne ta wata fuska. Na mutum yana da farin ɓawo wanda ya fi komai tauri a jiki, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashe mai ɗan sassauci da ke shanye bugun tauna. Haka ake yi wa giya: a gasa ta a zafin da ya kai digiri 900 ko fiye cikin iska mai sinadarin kabon, kabon ya ratsa fatarta kimanin milimita guda, sa'an nan a sanyaya ta farat ɗaya, kamar yadda maƙeri ke tsoma ƙarfen da ya yi jawur a ruwa. Waje ya yi tauri ya jure guga, ciki ya jure bugu. Da zarar wannan ɓawo ya cinye, sauran haƙorin ba ya daɗewa.

Gashin nan yakan ɗan karkatar da haƙora. Don gyara wannan, a masana'anta akan haɗa babba da ƙarama a juya su tare da wani mai mai gari-gari har su goge juna su daidaita, sa'an nan a buga musu lamba ɗaya. Akan kuma zaɓi yawan haƙoran da babu lambar da ke raba su duka biyu, alal misali 9 da 37. Ta haka kowane haƙori na ƙaramar sai ya gana da duk haƙora 37 na babbar kafin ya koma kan na farko, guga ta rarrabu daidai. Daga nan giyoyin biyu sun zama abokan zama, kamar haƙoran sama da na ƙasa a baki guda. Wanda ya sayi ƙaramar giya ita kaɗai a kasuwar kayan gyara ya haɗa ta da tsohuwar babba, ko da yawan haƙoran ya yi daidai, ya sa haƙoran wani ne a bakin wani. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Idan ɗaya ta lalace, duka biyu ake sauyawa.

Wajen ɗaurawa kuma aikin bakanike shi ne ya mayar da kowace giya mazauninta na lissafi. Ana yin haka ne da wasu siraran zobban ƙarfe da ake sakawa a bayan boris don matso da giya ciki ko waje. Ana barin ɗan sarari tsakanin haƙora saboda mai da kumburin zafi, wanda a ƙananan motoci bai cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ba. Sa'an nan a shafa wani fenti mai maiƙo a haƙora kaɗan, a juya giyar, a duba inda ya goge. Tambarin da ake so a tsakiyar haƙori yake, ya ɗan kusanci yatsa, domin idan mota ta ɗauki kaya ƙarfe yakan ɗan ba da kai, tambarin ya bazu wajen dunduniya. Tambari a can bakin yatsa, ko bakin dunduniya, ko saman haƙori, ko gindinsa, alama ce ta cewa zaman bai yi ba. Masana'anta ma da gangan take ɗan fere bakunan haƙori don nauyi ya zauna a tsakiya.

Sai kuma ƙarfin nan da aka ambata mai neman raba giyoyi. A jikin mazurari wani kaso nasa yana tura giya ne bisa tsawon sandarta. Abin da ke tare shi shi ne boris mai 'ya'ya masu siffar bokiti, wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898, kuma shi ma a kan ƙa'idar tsini ɗaya aka gina shi. Idan wannan boris ya saki, giya ta bar mazauninta, haƙora masu lafiya su soma cin juna. Kukan da ke tashi daga aksul idan an taka mai, ko idan an saki, sanarwa ce da ya kamata a saurara tun kafin a yi lodi.

Giya a ƙafar ƙwaro

An daɗe ana ɗaukar giya a matsayin abin da ɗan Adam kaɗai ya mallaka. A 2013 masana ilimin halittu biyu, Malcolm Burrows da Gregory Sutton, suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a Jami'ar Kambirij kan wani ɗan ƙwaro mai tsalle da ake samu a lambunan Turai, mai suna Issus. Kafin ya balaga, a gindin kowace ƙafarsa ta baya akwai wani lanƙwasasshen jeri mai haƙora 10 zuwa 12, wanda tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Idan zai yi tsalle jerin biyu suna cizon juna, ƙafafun su tashi tare, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 30 cikin miliyan na sakan ba. Saƙon jijiya ba shi da saurin da zai daidaita su haka, kuma da ƙafa ɗaya za ta riga ɗaya, da ƙwaron ya wuntsila a iska.

Giyar ƙwaron ba ta kusurwa ba ce, amma tana koyar da darasi iri ɗaya, wato aiki ne ke tsara siffar haƙori. Gindin haƙoransa a lanƙwashe yake inda ya haɗu da jiki, kamar yadda injiniyoyi ke yi don hana tsagewa. Gefunansa biyu kuwa ba iri ɗaya ba ne, domin ta fuska guda kawai yake aikin ƙarfi, alhali giyar mota tana bukatar gaba da baya. Idan ƙwaron ya yi saɓarsa ta ƙarshe ya balaga, haƙoran sukan ɓace. Masanan sun kawo hasashen cewa ƙaramin ƙwaro yana samun sababbin haƙora a kowace saɓa, babba kuwa ba ya sake saɓa, don haka haƙori guda da ya karye zai zame masa naƙasa har mutuwa.

Kammalawa

An ga yadda magana guda, wato haɗuwar tsinin mazurari biyu, ta haifar da tsukewar haƙori daga dunduniya zuwa yatsa, ta iyakance tsawonsa, ta kuma wajabta wa bakanike awo da kaurin gashi. An kuma ga abin da ake biya idan aka kauce mata da gangan, kamar a haifoyid. Malamin lissafi ko na fasaha ba ya bukatar kayan waje kafin ya nuna wannan a aji. Bokiti guda, da gwangwani da zare, da mazurari biyu na kwali da aka haɗa tsininsu, sun isa. Idan aka samo tsohuwar giyar aksul daga gareji, ɗalibai su ƙirga haƙoranta, su auna dunduniya da yatsa, su nemo inda guga ta bar tambari, su faɗi ko an ɗaura ta daidai ko kuwa. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ba zai sake tambayar amfanin tan da kos ba.